Hutun Ƙarshen Mako a Kwarin Wye

A Ingila galibin ma'aikatan ofis da 'yan makaranta ba su aiki ran Asabar da Lahadi. Waɗannan kwanaki biyu su a ke kira ƙarshen mako. Dā ba haka abin ya ke ba. A shekarar 1850 aka yi doka cewa mata da matasa masu aiki a masaƙu su tashi da ƙarfe 2 na rana ran Asabar. Sannu a hankali sauran ma'aikata suka sami rabin yinin nan, kāna a cikin ƙarni na 20 Asabar ɗin duka ta zama ta hutu ga mafi yawansu. Da mutane suka sami lokaci, ga jirgin ƙasa, daga baya kuma ga mota, sai ya zama al'ada a fita daga birni a tafi ƙauye, a kwana biyu, a komo.

Hausa tana da suna ga kusan kowace irin tafiya. Akwai fatauci, akwai ziyara, akwai cin rani, akwai tafiya neman ilmi. Kowace a cikinsu tana da bukatar da a ke zuwa biya. Amma wannan tafiya ta ƙarshen mako ba ta shiga ko ɗaya ba, gama ba ciniki a cikinta, ba kuwa wani dangi da za a gaisar. Abin da ya fi kusa da ita shi ne shan iska, ko yawon buɗe ido. Wani abin mamaki kuma, yawancin abin da a ke zuwa kallo kangaye ne, watau gine-ginen da jinkarsu ta zube, masu su suka watse. A ƙasar Hausa kango wurin gudu ne, ba wurin zuwa ba. A Ingila kuwa har kuɗi a ke biya a shiga.

Wahalar irin wannan hutu ita ce ƙarancin lokaci. Daga yammacin Jumma'a zuwa yammacin Lahadi awa 48 ne kawai. In aka cire barci, da cin abinci, da zuwa da komowa, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Wanda ya tafi ba shiri ya kan ƙare hutunsa a cikin mota, yana neman wurin ajiye ta, ya koma aiki ran Litinin da gajiya, aljihu kuma wayam. Saboda haka shirin ba tara sunayen wurare ba ne, zaɓe ne: wanne za a gani, wanne za a bari. Kwarin Wye, a kan iyakar Ingila da Wales, ya dace da misali, domin a nan an riga an yi zaɓen tun fiye da shekara 200 da suka wuce.

Kwarin da kogin

Kwari shi ne wuri mai zurfi tsakanin tuddai, inda ruwa ya kan bi. Mai koyon Hausa ya kula, rubutunsa ɗaya da kwarin da maharbi ke zuba kibau, karin murya ne ya raba su. Ƙwari kuwa masu ƙugiya, watau sauro da ƙuda da 'yan'uwansu, wani abu ne dabam.

Sunan kogin a bakin Turawa daidai ya ke da kalmar nan ta Hausa, wai. Yana tasowa daga tuddan Plynlimon a tsakiyar Wales, ya yi tafiyar mil 155 kafin ya faɗa bakin kogin Severn kusa da garin Chepstow. Ba duk tsawon nan a ke nufi ba in an ce Kwarin Wye. Abin da masu hutu suka fi bi shi ne sashen ƙarshe, daga garin Ross zuwa Chepstow, wajen mil 40 ta ruwa, ta hanyar mota kuwa bai kai mil 30 ba. A nan kogin ya ratsa dutsen farar ƙasa, ya yi masa rami mai zurfi, yana ta karkacewa, kurmi ya rufe gangaren dama da hagu. A shekarar 1971 gwamnati ta sa yankin cikin wuraren da doka ta tsare saboda kyansu.

Garuruwa uku ne ginshiƙan tafiyar. Ross yana arewa, cikin Ingila. Monmouth yana tsakiya, cikin Wales. Chepstow yana kudu, shi ma cikin Wales. Daga kudancin Monmouth kaɗan har bakin teku, kogin kansa shi ne iyaka: gaɓar gabas Ingila, gaɓar yamma Wales. Wannan iyaka ita ta cika kwarin da tarihi. Inda ƙasashe biyu suka haɗu, nan a ke gina ganuwa da kagara, kamar yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kakkafa ribaɗi a bakin iyakokin daularsa.

Yadda aka fara

A shekarar 1745 wani limamin Kirista na Ross, John Egerton, ya sa aka gina masa jirgin ruwa, ya riƙa ɗaukar baƙinsa suna gangarawa kallon kwarin. A 1770 wani limamin, William Gilpin, wanda ya iya zane, ya bi kogin, a 1782 ya buga littafi game da abin da ya gani. Littafin ya koya wa mutane su dubi ƙasa kamar yadda a ke duban hoto, su tsaya a wuri kaza su ga yadda dutse da itace da ruwa suka dace da juna. Ba da daɗewa ba yaƙe-yaƙen Faransa na zamanin Nafoliyon suka toshe wa attajiran Ingila hanyar zuwa sauran ƙasashen Turai, sai suka juyo Wye. Mai zane Turner ya zo, mawaƙi Wordsworth ya zo a 1793 ya kuma komo a 1798, babban hafsan jiragen ruwa Nelson ya zo a 1802. Shi ya sa a kan ce a nan yawon buɗe ido ya soma a Birtaniya.

Abin lura shi ne tsawon tafiyar tasu. Kwana biyu ce. Rana ta fari a tashi daga Ross a kwana Monmouth, rana ta biyu a tashi daga Monmouth a sauka Chepstow. A hanya a kan tsaya a wurare ƙalilan sanannu: kagarar Goodrich da dutsen Symonds Yat a rana ta fari, kangon Tintern da kagarar Chepstow a ta biyu. Matafiyin yau da ya bi wannan tsari, ko a mota ya ke, ba zai yi hasara ba. Bin ruwa daga sama zuwa ƙasa yana da dalili. A Ross ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki da makiyaya. Da an gangara sai tuddai su matso, kwarin ya ƙara zurfi, har a ƙare da babban kango da babbar kagara. Watau kallon yana ƙara armashi ne, ba raguwa ba.

Abubuwan da a ke yankewa tun a gida

Hausawa sun ce shirin zaune ya fi na tsaye. Abu huɗu ne ya kamata a gama da su kafin a fita: wata, abin hawa, masauki, da kaya.

Na fari, wata. Hasken rana a wannan ƙasa ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar na Kano ko Damagaram. A ƙarshen Yuni yini ya fi awa 16, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. A ƙarshen Disamba yini bai kai awa 8 ba, wajen ƙarfe 4 duhu ya soma. Abin da a ke gani a yini ɗaya a Yuni sai ya ci yini biyu a Disamba. Daga ƙarshen Afril zuwa Mayu kurmin ya kan cika da sabon ganye da shuɗin fure. A Yuli da Agusta makarantu suna hutu, cunkoso ya kan yi yawa, kuɗin masauki ya tashi. A ƙarshen Oktoba ganyaye su kan koma ja da rawaya kafin su kakkaɓe, mutane da yawa sun fi son wannan lokaci. Lokacin sanyi kuwa shi ne na ambaliya. A Fabrairun 2020 kogin ya cika a Hereford da Monmouth fiye da yadda aka taɓa aunawa kafin nan, ruwa ya shiga gidaje, hanyoyi suka yanke.

Na biyu, abin hawa. Dā jirgin ƙasa yana bin kwarin. An buɗe hanyarsa tsakanin Chepstow da Monmouth a 1876, aka daina ɗaukar fasinja a 1959, aka rufe mafi yawanta a 1964. Yanzu a cikin garuruwan nan uku Chepstow kaɗai ke da tashar jirgi. Mai zuwa Ross ba mota sai ya sauka Gloucester ko Hereford ya shiga bas. Akwai bas tsakanin Chepstow da Monmouth ta Tintern, amma motocin ƙauye su kan ragu ƙwarai ran Lahadi, waɗansu ba su fita sam. Wajibi ne a duba lokutan tashinsu kafin a biya kuɗin masauki, musamman motar ƙarshe ta yamma. Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Su kan shirya zuwa da kyau, su manta da komowa.

Mai mota daga Landan ya kan yi awa biyu da rabi zuwa uku, in hanya ba cunkoso, yammacin Jumma'a kuwa da wuya a rasa cunkoso. In ya bi ta kudu zai haye babbar gadar Severn, wadda aka buɗe a 1966. Tun Disamban 2018 ba a biyan kuɗin hawanta, amma a kan rufe ta in iska ta yi ƙarfi. Da ya shiga Wales zai ga allunan hanya da harshe biyu, na Wales da Turanci. Chepstow ya zama Cas-gwent, Monmouth ya zama Trefynwy, kogin kansa Afon Gwy. In ya ga an rubuta ARAF a kan kwalta, a rage gudu ke nan. Tun Satumban 2023 gudun da doka ta yarda a yawancin titunan cikin gari a Wales mil 20 ne a awa, ba 30 ba kamar na Ingila.

Na uku, masauki. Ya fi sauƙi a kama ɗaki ɗaya a kwana biyu a ciki, da a yi ta ɗaure kaya ana kwancewa. Monmouth ya fi dacewa, tun da ya ke tsakiya: mil 11 zuwa Ross, mil 16 zuwa Chepstow. Ban da otal akwai gidajen da a ke ba baƙo ɗaki da karin kumallo, akwai gonakin da ke da filin kafa tanti. Ba a kafa tanti a gonar mutum ko a kurmi sai da izni. A watannin cunkoso a kan kama ɗaki tun da sauran makonni. Karin kumallon gargajiya na ƙasar ya kan zo da naman alade, saboda haka wanda ba ya ci ya gaya wa mai masauki tun da dare, za a ba shi ƙwai, ko kifi, ko wake. Musulmi ya tuna masallatai da mahautan halal suna manyan garuruwan kewaye ne, kamar Newport, Cardiff, Gloucester da Bristol. Sai ya yi Jumma'arsa ya sayi guzurinsa kafin ya shiga kwarin. Alƙibla daga nan tana kudu maso gabas.

Na huɗu, kaya. Ba a bukatar da yawa, amma uku ba a barinsu: takalmi mai ƙarfi wanda ba ya santsi, rigar ruwa, da taswira ta takarda. Ruwan sama ba shi da wata a wannan ƙasa, hanyoyin kurmi kuwa su kan yi taɓo ko da kwana uku bayan an ɗauke. A cikin zurfin kwarin wayar hannu ta kan rasa layi, wanda ya dogara gare ta kaɗai ya iya ɓata. A kuma sayi abin da a ke bukata ran Asabar, gama dokar 1994 ta ba manyan kantuna awa 6 kawai ran Lahadi, yawanci daga ƙarfe 10 zuwa 4.

Asabar: daga Ross zuwa Monmouth

A soma da Ross da safe. Gari ne ƙarami bisa tudu, yana kallon wata babbar kwana ta kogin. A tsakiyarsa akwai rumfar kasuwa ta jan dutse, ginin ƙarni na 17, har yanzu kasuwa tana ci a gindinta ran Asabar. Awa ɗaya ta isa.

Mil 5 kudu sai kagarar Goodrich, bisa dutse, inda ta ke tsaron mashigin kogi. Hasumiyarta ta tsakiya ginin ƙarni na 12 ce. A 1646, lokacin yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa, mutanen sarki suka shige ciki, rundunar majalisa ta kewaye su. Da ganuwar ta gagara sai aka ƙera wata gajeriyar igwa mai faɗin baki, mai jefa harsashi na wajen laba 200, aka yi ta dukan hasumiya har na ciki suka ba da kai. Igwar tana nan a farfajiyar kagarar, kusa da ɓarnar da ta yi.

Daga nan sai Symonds Yat, inda ya kamata a ba rabin yini. A nan kogin ya tarar da tudu, ya kewaye shi da tafiyar wajen mil 5, ya komo kusa da inda ya soma. Wanda ya tsaya a kan dutsen sai ya ga ruwa ta nan, ya ga ruwa ta can, ya zaci koguna biyu ne. Mutanen dā sun gane amfanin wurin, sun yi masa ganuwa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, alamarta tana nan. A duwatsun da ke kusa wani irin shaho ya kan yi sheƙa, wanda ba tsuntsun da ya kai shi gudu in ya kawo bara. Daga Afril zuwa Agusta a kan gan shi yana kiwon 'ya'ya.

A ƙasa, bakin ruwa, akwai jirgin fito irin na dā. Ba inji, ba filafili. Igiya ce aka ɗaure daga gaɓa zuwa gaɓa, mai fito yana ja da hannu. Masu tafiya a ƙasa su kan haye da shi, su bi gaɓa su gangara zuwa Biblins, inda wata gadar ƙafa mai lilo, wadda aka yi a 1957, za ta komo da su ɗaya gefen. Zagayen wajen mil 3 ne, hanya kuma ba hawa da yawa. In kogi ya cika ba a fito, sai a tambaya tukuna.

Wanda ya ke so ya ga kwarin yadda mutanen Gilpin suka gan shi, watau daga kan ruwa, sai ya yi hayar kwalekwale daga Kerne Bridge zuwa Symonds Yat, wajen mil 8, rabin yini. Masu haya su kan ba da rigar da ke hana nitsewa, su kuma mai da mutum inda ya bar motarsa. Amma fa taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya zaɓi kwalekwale ya haƙura da Goodrich ko da zagayen Biblins.

Da yamma a koma Monmouth. A nan aka haifi Sarki Henry na 5 a 1386, abin da ya rage na kagarar da aka haife shi ciki kaɗan ne. Abin da ya fi cancantar gani shi ne gadar Monnow, ta ƙarshen ƙarni na 13, wadda ƙofar gari ke tsaye a kanta, kamar a ɗauki ɗaya daga ƙofofin Kano a ɗora bisa gada. A duk Birtaniya ita kaɗai ta rage mai wannan siffa. Dā a nan a ke karɓar kuɗin shiga kasuwa, a kuma rufe gari da dare.

Lahadi: daga Monmouth zuwa Chepstow

Hanyar mota ta bi gaɓar kogi ta ƙauyukan Redbrook, Llandogo da Tintern. Sai a cikin shekarun 1820 aka yi ta. Kafin nan kogin ne hanya. Jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi su ke ɗaukar kaya, in za a hau sama kuwa ƙarti ne ke jan su da igiya daga gaɓa. Daga gadar Bigsweir zuwa ƙasa cikar teku tana shigowa kogin sau biyu a yini, ga laka mai zurfi, saboda haka wannan sashe ba na ɗan koyon kwalekwale ba ne.

A yi sammako a isa Tintern da an buɗe ƙofa, kafin manyan motocin baƙi su iso. Gidan sufayen Kirista ne, na ɗariƙar Sistashiyan, masu fararen tufafi. An kafa shi a 1131, sufayen farko daga Faransa suka zo. Ƙa'idarsu ita ce su nisanci gari, su yi ibada, su ci guminsu, don haka suka zaɓi wannan lungu. Noma da kiwon tumaki suka arzuta gidan. A 1269 aka soma gina babbar majami'ar da a ke gani yanzu, aka keɓe ta a 1301, tsawonta ƙafa 228. Bayan shekara 405 da kafa gidan, a Satumban 1536, Sarki Henry na 8, wanda ya ɓata da Paparoma ya kuma ƙwallafa rai ga dukiyar irin waɗannan gidaje, ya sa aka rufe shi. Aka sallami sufayen, aka kware darmar rufin aka sayar. Da rufi ya tafi sai ruwa da iska suka yi sauran aikin.

Bangaye da manyan tagogi suna nan tsaye, sama ce rufinsu, ciyawa ce daɓensu. Mai ziyara kada ya tsaya ga majami'a kaɗai. Ya bi harsashin sauran ɗakuna: wurin cin abinci, madafa, ɗakin jinya, ɗaki ɗaya da a ke hura wuta don jin ɗumi, da magudanar ruwa da ta ratsa ƙarƙashinsu. A nan ne a ke gane yadda mutane suka zauna. Gilpin da ya zo, a ganinsa waɗansu bangayen sun cika daidaituwa, da za a ɗan farfasa su da guduma da sun fi kyau a hoto. Allah ya sa ba wanda ya bi shawararsa. Gwamnati ta sayi kangon a 1901, yanzu yana hannun Cadw, hukumar kula da kayan tarihi ta Wales.

Akwai abin da shirun wurin ke ɓoyewa. Shekara 30 bayan an kori sufaye, Tintern ya zama garin maƙera. A ƙaramin kwarin Angidy, bayan ƙauyen, aka kafa ma'aikatar waya wadda ruwa ke juya injinta, a 1568 kuma aka narka tagulla a nan. Aka yi ta aikin ƙarfe har ƙarshen ƙarni na 19. Kurmin da a ke sha'awa yanzu dā sararsa a ke yi a kai a kai don gawayi, ɓawon itacen kuma a kai wa majema. Baƙin da suka zo kallon kango a zamanin Gilpin sun gan shi ne cikin hayaƙi da ƙarar guduma, matalauta suna zaune a bukkoki a jikin bangonsa. Watau kwarin nan ba daji ba ne da hannu bai taɓa ba. Wurin sana'a ne da sana'ar ta mutu, itatuwa suka rufe.

Bayan kango, mai ƙarfin ƙafa ya haye tsohuwar gadar ma'aikatar waya zuwa gefen Ingila, ya hau tudu zuwa wani dutse da a ke kira Mumbarin Shaiɗan. Almara ta ce daga nan Shaiɗan ya ke yi wa sufaye kira su bar ibada. Hawan yana da wuya, zuwa da komowa ya kan ci awa biyu, amma daga can a ke ganin gidan duka a shimfiɗe a ƙasa. A kan tudun kuma akwai wata tsohuwar ganuwa ta ƙasa, wadda a ke dangantawa ga Offa, sarkin Mercia daga 757 zuwa 796, wanda ya shata iyaka tsakaninsa da mutanen Wales. Wanda ba ya son hawa sai ya bi tsohuwar hanyar jirgi, wadda aka mayar ta masu ƙafa da keke a 2021. Ta ratsa wani dogon rami a cikin dutse a Tidenham, amma daga Oktoba zuwa Maris a kan rufe ramin saboda jemagu da ke kwana ciki.

Zangon ƙarshe Chepstow, mil 5 ko 6 daga Tintern. An soma kagararsa a 1067, shekara ɗaya bayan Normawa sun ci Ingila, aka yi ta ƙara mata gini har ta miƙe bisa bakin dutse tana leƙen kogi. A cikinta an ajiye ƙyamaren ƙofarta na itace, waɗanda bincike ya nuna sun kai shekara 800. Daga tsohuwar gadar ƙarfe ta 1816 a ke ganin kagarar sosai, tsakiyar gadar kuma ita ce iyaka. A nan bambancin cikar teku da janyewarta ya kan wuce ƙafa 40, yana cikin mafi girma a duniya. Wanda ya ga ruwa maƙil da hantsi, in ya komo da la'asar sai ya tarar da laka. Wajen ƙarfe 4 ya kamata a kama hanyar gida.

Hakkin masu wuri

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, amma raɓar da ke sauka kowane mako ta kan bar alama. Hanyoyin ƙafa da yawa sun ratsa gonakin mutane ne. Doka ta ba kowa iznin wucewa ta kansu, ba ta ba shi iznin yawo cikin gonar ba. A bar ƙofar shinge yadda aka same ta, a riƙe kare da igiya kusa da tumaki, kada a hura wuta a kurmi, kada a tare ƙofar gona da mota. A kurmin Dean, gabas da kogin, akwai aladun daji, ba a ba su abinci, ba a kuwa matsa wa mai 'ya'ya.

Kogin kansa ba shi da lafiya kamar dā. Sinadarin fosfet, daga kashin miliyoyin kaji da a ke kiwo a yankin, da takin gonaki, da ruwan ƙazanta na garuruwa, yana gangarowa cikinsa. Da zafi sai gansakuka ta yi yawa, ruwa ya koma kore, ciyawar ruwa ta mutu. Kifin samon, wanda Wye ya yi suna da shi, ya ragu har tun 2012 doka ta ce duk wanda ya kama ya mai da shi ruwa. A 2023 hukumar kula da halittu ta Ingila ta bayyana cewa halin kogin ba kyau, yana kuma ƙara lalacewa. Mazauna kwarin suna ta auna ruwan da kansu, suna matsa wa hukuma. Baƙon kwana biyu ba zai warkar da kogi ba, amma ya iya kwashe shararsa, ya wanke takalmi da kwalekwale kafin ya kai su wani ruwa, ya kuma sayi abincinsa a kantunan ƙauye, domin kuɗinsa ya tsaya inda ya sha iska.

To, shirin ke nan: masauki ɗaya, manyan wurare biyu kowace rana, tafiyar ƙafa ɗaya, da sanin lokacin motar ƙarshe. Abin da aka bari yana da yawa. Ba a hau tudun Kymin a kan Monmouth ba, ba a taka matakan nan da a ke kira 365 a Wyndcliff ba, ba a shiga kurmin Dean ba, balle Hereford da garuruwan da ke sama. Waɗannan sai wani ƙarshen makon, in Allah ya kai rai.